Ɗaki Ba Katako: Daga Garwa Zuwa Bakin Logon

Zafin ɗakin Inna ne ya tayar da ni daga Garwa. Wanda ya taɓa yin bazara a bakin Binuwai ya san halin watan Maris da Afrilu: kafin azahar zafi ya haura digiri 40, kwano ya ɗauki wuta, bulo ya sha rana ya riƙe ta a cikinsa har tsakar dare. Ɗakin nan ni na zana shi da hannuna, ni na tsaya a kan birkiloli har suka gama, shekara shida ke nan, bayan mun rushe soron da Baba ya bari. A lokacin murna muka yi, maƙwabta suna ta shigowa sa albarka. Amma tun daga nan, da zarar bazara ta kama, sai Inna ta jawo tabarmarta tsakar gida, ta jiƙa zane ta rufa, ga sauro, ga hawan jinin da take fama da shi. Bara wani dare na fito wajen ƙarfe biyu na tarar da ita zaune tana fifita da mafici. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta dai ce, "Soron mahaifinka, ko a wannan wata, sai mutum ya ja mayafi da asuba." Na koma ɗaki ban runtsa ba.

Baba maginin ƙasa ne, ya gaji sana'ar wurin mahaifinsa wanda ya taso daga ƙasar Kano. Ya san tubali, ya san azara, ya san yadda ake jiƙa makuba a yi yaɓe. Ni kuwa makarantar koyon sana'a aka kai ni, na fito da zanen gini na siminti da rodi, kuma Allah ya sani a ƙuruciya kunya nake ji in abokaina suka gan shi ƙafa cikin kwaɓi. A makarantar ne wani malaminmu ya raba mana 'yan takardu da Faransanci a kan wani mai zanen gine-gine ɗan Masar, Hasan Fathi. Na haddace don jarrabawa, na manta. Maganar Inna ce ta tono mini shi, tare da abin da malamin ya ƙara a ƙarshen darasi, cewa mai son ganin ƙasa ta tsaya da kanta ba katako ba sai ya je Masar ba, ya je bakin kogin Logon wurin ƙabilar Musgum, nan cikin Kamaru. Da Fabrairu ya kama, kafin zafi ya kankama, na ɗauki jakata.

Mun bar tasha bayan sallar asuba. Ga dutsen Tingilin can hagu a shimfiɗe kamar faifai, ga manyan motocin auduga suna wuce mu suna yayyafa farin kaɗa a gefen titi. Muka wuce Pitowa, muka tsaya a Figil, garin da masana'antar siminti take. Na leƙa ta taga ina kallon tireloli a jere suna jiran lodi, ina tuna buhu nawa na saya da gumina don ɗakin Inna. Ba na zagin siminti. Shi ke riƙe da gadar Binuwai, shi ke riƙe bakin rijiya da ramin masai. Abin da ke ci mini rai kawai shi ne ko a cikinsa ya kamata tsohuwa ta kwana.

Daga nan sai shingayen jandarma, a sauka a nuna katin shaida a hau, har haƙorin dutsen Mindif ya ɓullo daga nesa. Tafiyar kilomita 200 da ɗoriya ce, muka shiga Marwa bayan azahar. Gari ne na darbejiya, tituna duk a inuwa, kuma kogin garin, mayo Kaliyawo, ya ƙafe ƙaf, sai yashi, masu buga bulo sun baje kayansu a gefe. A gidan Kawu na sauka, ƙanen Inna, mai sayar da kayan fata kusa da babbar kasuwa. Bayan isha ya sa aka kawo shayi a zaure, sai ya dube ni.

"Wato ka bar aikinka, ka kashe kuɗin mota, don ka je kallon ɗakin laka?"

"Haka ne, Kawu."

"Ɗana, ƙasa ai rigar wanda bai samu ba ce. Ranar da ka mayar da 'yar'uwata ɗakin ƙasa, duk Garwa cewa za a yi ka karye."

Ban musa masa ba, don na san gaskiya ya faɗa game da bakin mutane. Sai na ce ya ba ni dama in ba shi labarin wani mutum.

An haifi Hasan Fathi a Iskandariyya a 1900, ɗan masu hali ne, mahaifinsa na da gonaki. Ya gama karatun gini a Alƙahira a 1926, irin karatun da Turawa suka tsara. Abin da ya juya shi shi ne ranar da ya shiga ɗaya daga gonakin gidansu ya ga inda manoman da ke yi musu aiki suke kwana, cikin duhu da ƙazanta, su da dabbobinsu. Ya lissafa ya ga manomi ba zai taɓa iya sayen siminti da ƙarfe ba, abin da yake da shi kyauta ita ce ƙasar da yake takawa. Bango ba wuya, kowa na iya tayar da bango. Wuyar aiki rufi.

A nan Kawu ya gyaɗa kai, don ya san tsadar azara yanzu, giginya ta yi ƙaranci, katakon kasuwa kuma gara ba ta barinsa. Na ce haka su ma a Masar, musamman da Yaƙin Duniya na Biyu ya yanke shigowar katako da ƙarfe. A 1941, a Bahtim kusa da Alƙahira, Fathi ya gwada rufi mai baka da tubalin ƙasa zalla, ba abin tokarewa. Rufin ya rufta. Bai zuciya ba. Ɗan'uwansa ya ba shi labarin cewa can kudu, wajen Aswan, Nubawa suna rufe ɗakunansu da ƙasa ba katako ko ɗaya. Ya tafi, ya gani da idonsa a ƙauyen Garb Aswan, ya ɗauko maginan ya kawo su arewa, ya tsaya a bayansu yana kallon hannunsu.

"Yaya ƙasa za ta tsaya a sama ba abin da ya tallabe ta?" in ji Kawu.

Na ce, "Kawu, ka ga yadda almajirai ke jingine alluna a bango in an tashi karatu, wannan ya kwanta a kan wancan, ba wanda ke faɗuwa? Shi ke nan." Suna ɗaga bangon ƙurya ya fi sauran tsawo, su zana siffar bakan a jikinsa da laka. Tubalinsu siriri ne mai yawan ciyawa, ba nauyi, kuma ana ja masa layi da yatsu tun yana ɗanye don laka ta kama. Layin farko a karkace ake jingina shi da bangon, na biyu ya kwanta a kan na farko, na uku a kan na biyu, har baka ya haɗe a sama, ya riƙa tahowa gaba har bakin ƙofa. Magina biyu sun isa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, da mai miƙo musu tubali.

"To, talakawan sun shiga?"

Tambayar da na so ya tsallake ke nan. Bayan yaƙin, wajen 1946, hukumar kayan tarihi ta Masar ta ba shi aikin da ya yi masa suna. A yammacin Nilu, daura da Luksor, akwai mutanen Gurna, kusan su 7,000, da suka gina gidajensu a kan kaburburan manyan zamanin Fir'auna, ana kuma zargin wasunsu da haƙa suna sayar da abin da suka tono. Gwamnati ta ce a tashe su, a gina musu sabon gari a ƙasa cikin gonaki. Fathi ya zuba ransa a aikin. Ya yi masallaci da kasuwa da makaranta da wurin masu sana'a har da dandalin wasa, duk da tubalin ƙasa. Bai yarda da gidaje iri ɗaya kamar barikin soja ba, ya so kowane gida ya zana shi daidai da iyalin da za su zauna ciki. Ya dawo da dabarar tsofaffin gidajen Alƙahira, wata 'yar hasumiya a saman ɗaki da suke kira malƙaf, bakinta na fuskantar inda iska ke fitowa, ta kamo ta ta sauko da ita ciki, in ta bi ta kan tulunan ruwa ta yi sanyi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Amma mutanen ba su suka nemi tashi ba, abincinsu yana kan tudun nan. Wasu suka ce rufi mai tulluwa na hubbare ne, ba na mai rai ba. Ofisoshi suka yi ta jan ƙafa, kuɗi na yankewa, har aka wayi gari an fasa shingen da ke tare ruwa, ruwa ya malale wurin. Aikin ya tsaya bai kai rabi ba. Mutanen tudun kuwa suna nan daram sai bayan shekara 60 da aka zo da motocin rusau.

Ransa ya ɓaci, a 1957 ya tafi Girka ya yi 'yan shekaru. Da ya dawo aka ba shi wani ƙauyen, Baris, can cikin hamada a dausayin Kharga, shi ma yaƙin 1967 ya tsayar da shi. Labarin Gurna da ya rubuta a 1969, aka sake bugawa a Amurka a 1973, shi ya kai sunansa duniya. A 1980 aka ba shi babbar lambar yabo ta Aga Khan ta fannin gine-gine, ya rasu a Alƙahira a 1989. Abin da ke taɓa ni a rayuwarsa shi ne, mutumin da ya ƙare shekarunsa yana neman rufin talaka, gidajen da ya gama lafiya akasarinsu na masu kuɗi ne.

Kawu ya daɗe yana juya kofin shayi. Sannan ya ce, "Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai da ka rushe soron, ka tambayi 'yar'uwata? Yanzun ma da kake shirin wani sabon abu, ka tambaye ta?"

Na ce, "Ban tambaye ta ba, Kawu."

"To je ka ga abin da za ka gani. In ka dawo ka fara da nan."

Washegari Litinin na kama hanyar Bogo, daga nan Girbidik, ƙasa ta baje ba dutse ko ɗaya. Baƙar lakar nan da Fulani ke kira karal ta tsattsage, mutum zai iya zura hannu a tsagar, amma ga masakwa a kanta ta nuna ana ta yanka, dawar da ake dasawa bayan ruwa ya ɗauke, ta rayu da laimar da laka ta ɓoye. Ban taɓa kallon gonar masakwa da idon magini ba sai ranar. Ƙasar da za ta riƙe ruwa wata huɗu ta shayar da dawa, ba ƙaramar ƙasa ba ce.

A Maga na kwana, gidan wani Alhaji abokin Kawu, Bahaushe mai fataucin banda. Tun daga ƙofa ƙamshin hayaƙi da kifi ke tarbar baƙo, kwanduna a tsibe ana ɗaure wa don Marwa da Najeriya. Tafkin Maga ba na Allah-ya-yi ba ne, a 1979 aka ja madatsa mai tsawon kusan kilomita 27 don noman shinkafa na kamfanin SEMRY. Alhaji ya ba ni labarin damina ta 2012, yadda suka kwana a tsaye suna tsoron kada madatsar ta ɓalle. Da dare ya yi tsaka ina jin gurnanin dorina daga cikin ruwa.

Talata ce kasuwar Pus. Ɗan Alhaji ya goya ni a mashin, muka tarar da bakin Logon cike da kwale-kwale daga Katowa, can tsallaken Chadi, ana sauke awaki da tabarmi da busasshen kifi. Musgum doguwar halitta ne, maza da mata, in kana cikinsu sai ka riƙa ɗaga kai. Kunne na jin yarensu da Larabcin Shuwa da Fulatanci, ga Hausa a layin 'yan koli. Ba mu daɗe ba, don hankalina na ƙauyen Murla, 'yar tafiya kaɗan daga nan.

Daga nesa na hango ɗakunan ta tsakanin itatuwa, kamar an kifa manyan tuluna. Musgum na kiransu tolek, Faransawa kuma suka sa musu sunan harsashin igwa saboda siffar. Manyansu kan kai mita 9. Marubucin Faransa Andire Jid ya bi ta wannan ƙasa a 1926 ya yi ta yabonsu a rubuce, a lokacin ƙauyuka ne cike da su. Waɗanda na gani a Murla a shekarun 1990 aka tayar da su, tsofaffin da suka rage da sani suka koya wa matasa don kada abin ya ɓace. Guda biyar ne a kewaye, katanga ta haɗe su, kamar yadda gidan mutum ɗaya yake a da: nasa, na matansa, da na sauran hidimar gida.

Wani dattijo ya fito mana, dogo, ƙafa ba takalmi, yana jin Fulatanci, don haka ba mu buƙaci tafinta ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ɗan magini ne ni, na zo ganin aikinku." Ya ce in matso in taɓa.

Jikin ɗakin daga ƙasa har sama tsiri-tsiri ne, wasu dogayen ƙullutu na laka kamar yatsu, an jera su layi-layi, na sama yana faɗowa a tsakanin biyu na ƙasa. A hoto na ɗauka ado ne. Dattijon bai ce komai ba, ya ɗora yatsun ƙafarsa a kan ɗaya, ya kama na sama da hannu, kafin in ankara ya yi rabin ɗakin. Tsani ne. Da shi ake hawa ana gini, da shi ake hawa ana gyara, ba a kafa katako ko ɗaya. Da ya sauko ya nuna mini aikinsu na biyu da hannu: ruwan sama in ya sauko, ƙullutun suna raba shi gida-gida, ba ya samun hanya ɗaya da zai ci ya yi kwari. Ƙofar ma da dalilinta, ƙasanta matsattse, samanta da faɗi kamar ramin makulli, don saniya ta shiga, ƙafafu ta ƙasa, ciki da ƙaho ta sama.

Muka shiga rana na tsaka. Sai da idona ya saba da duhu, sannan na ga haske ɗaya yana saukowa daga ƙaramar kafa a can ƙololuwa, inda hayaƙi da zafi ke fita, wadda ake rufewa in ruwa ya zo. Bangon ciki sumul kamar cikin ƙwarya. Na ɗora tafin hannuna, sanyi. A waje mashin ɗin ba ya taɓuwa don zafi. Na tsaya a nan, zufar bayana tana bushewa, ban san lokacin da na ce "Inna" a fili ba.

Ba tubali a ginin nan, ba tushe, ba azara. Yadda mace ke gina tukunya haka ake yi. A kwaɓa laka da ciyawa da kashin dabbobi, a bar ta ta ruɓa, sannan a riƙa ɗora ta zagaye-zagaye, kowane zagaye sai ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Ƙasa da kauri, yana hawa yana sirancewa, har can sama ya koma kamar bakin tulu. Siffar ce ke riƙe da shi. Na ciro carbina, na kama bakinsa biyu na bar tsakiya ta yi lilo, na ce wa ɗan Alhaji ya dubi lanƙwasar, ya kifa ta a ransa, ita ce wannan. Ƙasa tana ɗaukar danniya, ja ne ba ta ɗauka, kuma a wannan lanƙwasa duk nauyi dannawa yake yi har ƙasa, ba inda ake jan komai. Ita ce dai siffar da Nubawa ke zanawa a bangon ƙurya. Mu a makaranta da lissafi aka nuna mana. Na tambayi dattijon su da me suke aunawa, ya nuna idonsa, ya nuna tafin hannunsa.

"Baba, abu mai kyau haka, me ya sa aka daina?"

Ya zauna a bakin gadon ƙasa. Ya ce aikin wata da watanni ne, kuma ba na mutum ɗaya ba, da can dangi ke taruwa. Zamanin Nasara aka riƙa kwashe maza aikin tilas, daga baya shinkafa ta zo, mutum yana gona rani da damina, yara suka tafi birni. "Kuma amaryar yanzu da gado take zuwa da kabad. Ina za ta jingina su a bango mai lanƙwasa?" Ya ce kowace shekara kafin ruwa sai an hau an shafa, in ka tsallake biyu, ta uku tudun ƙasa za ka tarar. Na tambaye shi shi a ina yake kwana. Ya nuna mini can gefe, ɗaki mai kusurwa huɗu da kwano. Bai ɓoye ba, bai kuma kare kansa ba. Ya ce ƙarfin hawa kullum raguwa yake, 'ya'yansa kuma suna Yagwa da Duwala.

Kafin mu tafi ya kama hannuna ya juya shi, ya duba tafin, ya ce, "Mahaifinka ne magini. Wannan hannun bai sani ba." Ya ɗebo laka daga ramin da suke gyara da ita ya ɗora mini. Na yi ƙoƙarin ja ta a kan wani guntun bango yadda ya nuna, tana sulluɓewa. Ya ɗora hannunsa a kan nawa, ya danna da gindin tafi, ya ja da yatsu, ta zauna. Rabon da wani ya riƙe hannuna haka a kan laka tun ina ɗan shekara bakwai, ranar da Baba ya so ya koya mini cura tubali na gudu wasa.

Da yamma na zauna a gaɓar Logon, masu kasuwa suna komawa Chadi, ina ta juya abin. Gurna ta Fathi yau ruwan ƙarƙashin ƙasa da gishiri sun ci gindin gidaje da yawa, masu su sun rushe sun yi na kankare, ko da yake UNESCO ta shiga gyaran masallacin da wasu gine-ginen. In a can za a auna shi, sai a ce bai ci nasara ba. Amma wasu matasa da suka yi aiki a gabansa sun kawo dabarar gini ba katako ƙasar Nijar wajen 1980, maginan Hausawa suka koya suka ci abinci da ita. A Boromo ta Burkina Faso, a shekarar 2000, wani magini Bafaranshe da wani manomi ɗan ƙasar suka kafa ƙungiyar da ke koya wa maginan ƙauye rufin Nubawa, ta bazu har Mali da Senegal da Gana. Duk inda abin ya kama, za ka ga mai ɗakin ne ya nema da bakinsa, kuma akwai magini a kusa da zai dawo gyara. Sannan akwai abin da ba zan kwafo ido rufe ba. Luksor sai a shekara ba a ga ruwan kirki ba, Garwa kuwa tana shan kusan milimita 1,000 kowace damina. A nan sai na tuna Faransis Kere, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso, wanda a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine. Makarantar da ya gina wa ƙauyensu a 2001 bango da silin na ƙasa ne, ya ɗaga kwano a sama kamar laima, ya bar rata iska na wucewa.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakan gizo na masallacin Juma'a na Zariya tun zamanin Sarki Abdulkarim, Falke Barmu na Yama a Nijar ya karɓi lambar Aga Khan a 1986 da masallacin ƙasa. Abin da ya sa nake ganin girman Fathi shi ne, mai takardar jami'a, ɗan manyan gida, ya yi tafiya har Aswan don ya tsaya a bayan maginan ƙauye a matsayin ɗalibi. Ni nawa malamin a gida ɗaya muke kwana, a akushi ɗaya muke ci, har ya koma ga Allah ban tambaye shi komai ba.

Da na dawo Garwa na bar maganar sai bayan magariba. Na zauna a ƙasa kusa da tabarmarta na ce, "Inna, in za a yi miki ɗaki na ƙasa, yaya kike son sa?"

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta fara lissafi kamar dama tana jira. Ba ta son tulluwa, ita ma hubbare take tuna mata. Tana son bango miƙaƙƙe inda za ta yi jeren kwallayenta, da 'yar alkuki ta ajiye Alƙur'ani da magani. Taga ta kasance sama, ta gabas, ƙarama. Fuskar da baƙi za su gani a shafe ta ta yi kyau, "don kada a ce ɗana ya gaza." Kuma ta ce kada in taɓa ɗakin bulo, ta ga na ƙasan ya ci damina ɗaya tukuna.

Ita ta tuna mini da wani tsoho a unguwarmu da ya yi wa Baba yaron aiki shekara da shekaru, yanzu gadi yake yi. Na je na same shi, da na faɗi abin da ke tafe da ni sai da ya share ido. Muka shata ɗan ɗaki a bayan gida, taku goma sha biyu a kan takwas, tushe na dutse har gwiwa saboda laima, bango mai kauri. Ƙasa muka saya kura-kura daga bakin fadama, shi ya murza ta a tafi, ya ɗanɗana a harshe, ya mayar da kura biyu ya ce yashi ya yi yawa. Bakan farko ya faɗi a rana ta uku, don tubalin da na sa aka buga ya yi kauri, karkatar kuma ba ta isa ba. Tsohon ya ce a rage kauri a ƙara ciyawa, ni kuma na rataya sarƙa a bango na sake fitar da lanƙwasar. Na biyu ya haɗe ranar wata Alhamis, ya taho har bakin ƙofa. Kafinta zai ɗora kwano a sama da rata, yadda ruwa ba zai taɓa bayan bakan ba.

Jiya da azahar na dawo daga aiki na tarar Inna ta sa an kai randarta ciki, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa tana tsince shinkafar da na kawo daga Maga. Hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma, ko da yake bai zubar ba. Tsohon ya aiko jikansa ya ce in jiƙa makuba tun da dare, gobe da sassafe za mu yi yaɓen waje.